Haidurojin Daga Rake Don Man Jirgin Sama: Itanol, Binas, Lantarki Ko Tuƙa?

Man jirgin saman da aka yi daga itanol ko man tsirrai ba ya shiga tankin jirgi sai an sa masa haidurojin. Shi ne ke cire oksijin daga jikin man tsirrai, shi ne kuma ke cike gurbin da ya rage a jikin sinadaran don kada man ya yi danƙo idan ya kwana biyu a ajiye. Inda gizo ke saƙar shi ne, mafi yawan haidurojin da ake amfani da shi yau daga iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa da kwal ake samar da shi, kuma kilo ɗaya na wanda aka yi da gas yana sakin kabon dayoksaid kilo 9 zuwa 10 tun a bakin masana'anta. Shi ya sa idon masu harkar ya koma kan masana'antar rake, domin tana da abubuwa huɗu da za a iya tatsar haidurojin daga cikinsu.

Tan ɗaya na rake, idan duk ruwansa aka mayar itanol, yana ba da lita 80 zuwa 85. Yana barin tuƙa kilo 250 zuwa 280 wadda rabinta ruwa ne, da busasshen ganye da kan rake kimanin kilo 140 a gona. Kowace litar itanol kuma tana barin lita 10 zuwa 15 na wani ruwa mai tsami da wari da ake kira binas. Daga nan hanyoyin suka rabu: a fasa itanol da tururi, a samo iskar metan daga binas a fasa ta, a ƙona tuƙa a samu lantarki a raba ruwa da shi, ko a mayar da tuƙar kanta iskar gas.

Kafin zaɓe, nawa kake buƙata?

Mutane da yawa a nan suke riga malam masallaci. Sai su fara neman na'ura tun ba su yanke irin man da za su yi ba, alhali buƙatar haidurojin tsakanin wata hanya da wata ta fi ninki talatin.

Hanyar ATJ, wato mayar da itanol man jirgi, ita ce mafi ƙarancin ci. Ana cire wa itanol ruwa ya zama etilin, a haɗa etilin ɗin ya yi tsawo, sannan a sa masa haidurojin a ƙarshe. Ana buƙatar lita 1.7 zuwa 1.9 na itanol don samun litar mai ɗaya, haidurojin kuwa kilo 12 zuwa 15 ne a kowane tan na mai. Idan aka mayar da lissafin kan rake, rabin kilo ke nan a kowane tan na rake. Ƙa'idar ingancin man jirgi ta ASTM D7566 ta amince da wannan hanya daga itanol a 2018, kuma ana iya gauraya man har kashi 50 cikin ɗari. Masana'antar LanzaJet da ke Soperton a jihar Jojiya ta Amurka, wadda aka buɗe a farkon 2024, da ita take aiki.

Hanyar HEFA, ta man tsirrai da kitse da man suya da aka gama amfani da shi, tana cin kilo 30 zuwa 40 a kowane tan na mai da aka zuba. Ba daga rake man yake ba, amma masana'antar rake tana iya zama mai sayar mata da haidurojin.

Ta ukun ita ce mai cin tsiya. A wajen ruɓar da ruwan rake, kowace litar itanol tana fitar da kabon dayoksaid kusan tsantsa kimanin kilo 0.75, wato kilo 60 da ɗoriya a tan ɗaya na rake. Ana iya haɗa shi da haidurojin a yi mai ta hanyar Fischer-Tropsch, wato hanyar mayar da iskar kabon da haidurojin mai na ruwa, amma kowane kilo na man yana cin kusan rabin kilo na haidurojin. Kabon ɗin tan ɗaya na rake zai ba da mai kilo 20, ya ci haidurojin kilo 9 zuwa 10.

Ka riƙe waɗannan lambobi biyu, rabin kilo da kilo goma a tan ɗaya na rake, domin su ne za su raba maka gardama.

Ma'aunan da za a bi

Na farko yawa: kilo nawa hanyar ke bayarwa daga tan ɗaya na rake, kuma me take hana ka sayarwa. Na biyu tsada, da ta jari da ta yau da kullum. Na uku ƙarko, wanda a nan ya haɗa da tsawon ran na'ura da kuma yawan kwanakin da za ta yi aiki a shekara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin rake ɗan kaka ne. A tsakiya da kudancin Burazil ana niƙa daga Afrilu zuwa Nuwamba, sauran watannin injin yana tsaye, matatar man jirgi kuwa ba ta son tsayawa. Na huɗu sauƙin aiki da yadda fasahar ta nuna. Na biyar haɗari, na wuta da na lissafin kabon.

Lissafin kabon ɗin ya danganta da kasuwar da ka nufa. Dokar Burazil mai lamba 14.948 ta 2024 ta ɗauki haidurojin a matsayin mai ƙarancin kabon idan bai wuce kilo 7 na kabon a kowane kilo ba. Ma'aunin Tarayyar Turai ya tsaya wajen kilo 3.4. Tsarin CORSIA na hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, man da aka gama yake aunawa, ya gwada shi da giram 89 na kabon a kowane megajul (ma'aunin makamashi) na man fetur ɗin jirgi.

Don a riƙa ganin girman abin, mu ɗauki masana'anta mai niƙa rake tan miliyan 3 a shekara wadda za ta mayar da duk itanol ɗinta man jirgi. Buƙatarta haidurojin tan 1,500 ne a shekara, kusan kilo 190 a awa.

Fasa itanol da tururi

Ana gauraya itanol da ruwa, a mayar da su tururi, a bi da su ta cikin bututun da aka cika da sinadarin zuga, wato mai hanzarta fasawar, galibi na nikel, a zafin maki 600 zuwa 800 na ma'aunin Salshiyas. Abin da ya fito gaurayen haidurojin ne da kabon monoksaid da kabon dayoksaid da ɗan metan. Sai a ƙara masa tururi a wata tukunya don monoksaid ɗin ya sake ba da haidurojin, sannan a tace ta cikin tankokin da ke tsotse sauran iskar a ƙarƙashin matsi. Ragowar iskar da aka tsotse ita ake ƙonawa ta dumama bututun.

A takarda, lita 4.8 na itanol tana ba da kilo ɗaya. A aikace ka sa ran lita 7 zuwa 8, domin wani kaso yana tafiya wajen dumama, wani kuma yana zurarewa a wajen tacewa. Idan litar itanol tana rabin dala, ka kashe dala 3.5 zuwa 4 a kan kilo ɗaya tun ba ka biya kuɗin na'ura ba. Jarin ba shi da nauyi, amma kullum kana cin jarinka ne, tunda itanol ɗin da ka fasa shi ne dai wanda za ka mayar man jirgi. Ga masana'antarmu ta misali, lita miliyan 11 ne a shekara, kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari na abin da take samarwa.

Abin da ya ɗaga wannan hanya shi ne itanol ruwa ne mai ajiyuwa da ɗaukuwa. Tirelar bututun ƙarfe mai ɗaukar haidurojin a matsin bar 200 ba ta wuce kilo 300 zuwa 400, ita kuwa tankar itanol mai lita 30,000 tana ɗauke da abin da zai ba da kusan kilo 4,000. Ba ruwanka da kaka, ba ruwanka da nisa. Ba sai ka yi amfani da itanol ɗin da aka cire wa ruwa sarai ba ma, mai ruwa-ruwan ya isa, kuma ya fi arha.

Ciwon hanyar ɗaya ne, kunkunniya. Idan zafi ya sauka, ko tururi ya yi ƙaranci, ko abin da aka ɗora nikel ɗin a kai yana da tsami, itanol yakan koma etilin, etilin kuma ya daskare ya zama baƙin gawayi a kan sinadarin zuga. Alamarsa ta farko matsi ne ke hawa tsakanin bakin bututu da ƙarshensa, sai metan ya fara yawa a iskar da ke fita, sai wani wuri a jikin bututun ya yi ja fiye da sauran. Maganinsa a ba da tururi fiye da abin da lissafi ya nema, sau da yawa ninki biyu, kuma duk lokacin da za a kunna ko a kashe, tururi ne zai fara shiga shi ne kuma zai fita a ƙarshe. Ƙarin tururin yana cin makamashi, amma ya fi sauya sinadarin zuga arha.

Fasahar ta fita daga ɗakin gwaji, amma ba ta girma ba. Tashar gwajin da aka kafa a Jami'ar Sao Paulo tare da Shell da Raízen da Hytron an tsara ta ne ta ba da kilo 4.5 a awa. Masana'antarmu tana son ninki arba'in na hakan. A ɓangaren kabon, itanol ɗin yana zuwa da kayansa na taki da dizal ɗin gona, don haka idan aka lissafa giram 20 zuwa 30 a megajul, kilon haidurojin zai ɗauki kabon kilo 3 zuwa 5. Ya cika ma'aunin Burazil hankali kwance, a na Turai kuwa yana bakin gaɓa.

Metan daga binas

Wannan ita ce hanyar da ba ta da ƙyalƙyali, kuma ita ce ta fi dacewa da mafi yawan masana'antu. Binas yana fitowa daga tukunyar tace itanol da zafi kusan maki 90 da tsami sosai. Ana sanyaya shi, a rage tsaminsa, a tura shi cikin rufaffen tanki inda ƙwayoyin cuta marasa son iska ke cinye abin da ke cikinsa su fitar da gas mai metan kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari. Kubik mita ɗaya na binas yakan ba da metan kubik mita 5 zuwa 7, gwargwadon kaurinsa. A wanke gas ɗin, a cire kabon dayoksaid, ya zama daidai da iskar gas ta bututu. Daga nan sai na'urar fasa metan da tururi a zafin maki 800 zuwa 900, wadda ita ce matatun mai suka shekara da shekaru suna amfani da ita.

Kilo ɗaya na haidurojin yana cin metan kubik mita 4.5 zuwa 5. Ke nan tan ɗaya na rake zai ba da kilo 1 zuwa 1.5, ninki biyu zuwa uku na buƙatar ATJ. Masana'antarmu za ta ɗauki kimanin kubik mita miliyan 7 daga cikin wajen miliyan 18 da binas ɗinta zai iya bayarwa, sauran ta zuba wa manyan motocin ɗaukar rake a madadin dizal. Wannan na ƙarshen ma yana rage kabon ɗin itanol ɗin kansa. Ruwan da ya fito daga tankin bai rasa fotashiyam ɗinsa ba, ana mayar da shi gona a matsayin taki kamar yadda aka saba.

Jarin ya fi na itanol nauyi nesa ba kusa ba, tunda masana'antu uku ne a jere: tankin ruɓarwa, wurin wanke gas, da na'urar fasawa. Amma abin da ake zubawa ba saye ake yi ba. Tankokin kan daɗe, kuma an riga an gina irinsu da girma. Tashar gas ta masana'antar Bonfim da ke Guariba a jihar Sao Paulo, wadda aka buɗe a 2020 da ƙarfin megawat 21, da binas da lakar da ke saura bayan tace ruwan rake take aiki.

Abubuwa uku ne ke ɓata wannan hanya. Na farko farar wuta. Masu yin itanol suna wanke yis da ruwan asid mai farar wuta, shi kuma ya ƙare a cikin binas, ƙwayoyin cutar su mayar da shi iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A gas ɗin binas takan kai kashi 1 cikin ɗari har fiye, alhali nikel ba ya jure ko kashi ɗaya cikin miliyan. Don haka wankewa hawa-hawa ce: na farko mai kwashe mafi yawa, sai gawayi na musamman, sai tankin zink oksaid dab da na'urar fasawa. Wanda ya yi rowar tanki na biyu na ko-ta-kwana, ranar da na farkon ya ƙoshi zai sayi sabon nikel. Iskar kuma kisa take yi, a yawan da ke kashe mutum hanci ya riga ya daina jin warinta, saboda haka na'urar gargaɗi a jikin ma'aikaci dole ce.

Na biyu kaka. Idan niƙa ya tsaya binas ya tsaya, ƙwayoyin cutar su yi sanyi, tashinsu kuma yakan ɗauki makonni. Dabarar da ake yi ita ce a tara lakar tacewar nan, wadda tan ɗaya na rake ke ba da kilo 30 zuwa 40, a adana ta a riƙa ciyar da tankin da ita bayan kaka. Inda akwai bututun gas kusa, ana iya zuba metan a ciki lokacin kaka a ɗebo daga baya, idan dokar kasuwar ta yarda da irin wannan lissafi.

Na uku yoyo, kuma shi ne wanda ake rainawa. Metan ya fi kabon dayoksaid ɗumama duniya kusan sau 28 a tsawon shekara ɗari. Kilon haidurojin yana cin metan kimanin kilo 3.3, to idan kashi 2 cikin ɗari kacal ya zurare ta murfin tanki ko ta wurin wanke gas, ka ɗora wa kilon nan kabon kusan kilo 1.9. Ramin ajiye ruwan da ya fito daga tanki, idan a buɗe yake, shi ma yana ci gaba da fitar da metan. A rufe shi.

Raba ruwa da lantarkin tuƙa

Kowace masana'antar rake tana ƙona tuƙa don samun tururi da wuta. Tsofaffin tukwane masu matsin bar 21 da ƙyar suke barin rara. Sababbi masu bar 65 zuwa sama suna barin rarar kilowat-awa 60 zuwa 80 a tan ɗaya na rake, idan an haɗa da ganye ya haura 100. Na'urar raba ruwa tana cin kilowat-awa 50 zuwa 55 a kan kilo ɗaya, ke nan tan ɗaya na rake zai ba da kilo 1.2 zuwa 1.5. Masana'antarmu na'ura mai megawat 10 take buƙata.

Sauƙinta ba a magana. Babu wutar da ke ci a cikin bututu, babu farar wuta, haidurojin yana fitowa kusan tsantsa, ga oksijin kilo 8 a kan kowane kilo ƙari. Iri biyu ne a kasuwa. Mai amfani da ruwan alkali ta fi arha kuma ta daɗe ana aiki da ita, sai dai ba ta son a rage mata wuta sosai: idan aikinta ya sauka ƙasa da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, haidurojin yakan tsallaka ɓangaren oksijin, kuma da ya kai kashi 2 cikin ɗari na'urar take kashe kanta, domin a kashi 4 gaurayen yana iya fashewa. Ta biyun, mai wata siririyar fata da ake kira PEM, tana bin hawa da saukar wuta cikin sauri, amma tana ɗauke da iridiyam da filatinam, kuma ruwa mai ɗan gishiri ko tsatsa yana kashe ta da wuri. A lissafi lita 9 na ruwa ke ba da kilo ɗaya, a aikace ka ninka. Ruwan da ake samu daga tururin dafa ruwan rake yana da amfani, amma yana ɗauke da ɓurɓushin sukari da itanol, sai an tace shi sosai. Zuciyar na'urar takan yi awa 60,000 zuwa 90,000 kafin a sauya ta.

Tsadar tana wuri biyu. Duk dala 10 da aka ƙara a kan megawat-awa ɗaya tana ƙara wa kilon haidurojin sama da rabin dala. Wutar tuƙa kuma ba kyauta ba ce, farashinta shi ne abin da za a biya ka da ka sayar da ita. Sai jari. A ce kilowat ɗaya ya ci dala 2,000 da kafawa, kuma kana biyan kashi 12 cikin ɗari na hakan a shekara. Idan na'urar ta yi awa 8,000, jarin zai ɗora dala 1.6 a kan kilo. Idan awa 4,800 na kaka kaɗai ta yi, ya zama dala 2.6. Haɗa da wuta a kan dala 50, ka tashi tsakanin dala 4.2 da 5.3. Na'urorin ƙasar Sin sun fi haka arha sosai, amma lissafin awannin bai sauya ba.

Ta fuskar makamashi kuwa asara ce hawa biyu. Daga tuƙa zuwa lantarki kashi 20 zuwa 25 ne ke tsira, daga lantarki zuwa haidurojin wajen kashi 63. A ƙarshe kimanin kashi 15 cikin ɗari na ƙarfin tuƙar ne ya shiga haidurojin.

Akwai kuma tarkon doka. Dokar ReFuelEU ta Turai ta sa kashi 2 cikin ɗari na man jirgi ya zama mai ɗorewa daga 2025, kashi 6 a 2030, tare da wani kaso na musamman, kashi 1.2, ga man da aka yi da lantarki. Amma man da ake kira RFNBO, wanda shi ne ginshiƙin wannan kaso, sharaɗinsa makamashin ya fito daga abin da ba tsiro ba. Wutar tuƙa daga tsiro take. Wanda ya gina don wannan kasuwa da lantarkin tuƙa, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Ko ba dokar ma, mayar da kabon ɗin ruɓarwa mai yana son kilowat-awa 500 a tan ɗaya na rake, rarar masana'anta kuwa 80 ce. Sai da wutar rana ko ta iska daga waje.

Mayar da tuƙa iskar gas

A kan takarda babu kamarta. Ana busar da tuƙa daga ruwa kashi 50 zuwa ƙasa da 20, a zuba ta cikin tanderun yashi mai tafasa a zafin maki 800 zuwa 900, da tururi da oksijin kaɗan wanda bai isa ta ƙone ba. Tan ɗaya na busasshiyar tuƙa yana iya ba da haidurojin kilo 60 zuwa 80, wajen rabin ƙarfin da ke cikinta. Idan masana'anta ta tsimi tururi ta kuma kwaso rabin ganyen gona, sauran rabin a bar wa ƙasa, ta samu rarar busasshen abu kilo 100 a tan ɗaya na rake, za ta iya kaiwa kilo 6 zuwa 8.

A ƙasa kuwa labarin daban ne. Tuƙa ba ta da nauyi kuma tana sarƙewa, takan toshe bakin tanderu. Ganye yana zuwa da ƙasa da fotashiyam da kulorin. Fotashiyam ɗin yana haɗuwa da yashin tanderu ya narke tun zafi bai kai inda ake zato ba, yashin ya dunƙule, a kashe a shiga da guduma. Gas ɗin yana ɗauke da kwalta wadda ke daskarewa da zarar ya huce ƙasa da maki 350 zuwa 400, ta toshe matatai da injin matsi. Iskar gari ba ta yi, domin naitrojin ɗinta yana tsinka gas ɗin, sai an kafa injin raba oksijin, wanda shi kansa jari ne mai nauyi. Tarihin manyan ayyukan wannan fasaha, ko da itace wanda ya fi tuƙa ladabi, bai da daɗin ji: kamfanin Choren na Jamus ya durƙushe a 2011, tashar GoBiGas ta Gothenburg a Suwidin ta yi aiki amma aka rufe ta a 2018 saboda kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Kuma idan har ka kai ga samun tsaftataccen gas, tace haidurojin daga ciki ɓarna ce. Gas ɗin kansa shi ne abincin Fischer-Tropsch, wadda aka amince da manta tun 2009. Can ana son haidurojin biyu a kan monoksaid ɗaya, tuƙa kuwa ba ta kai haka, shi ya sa ƙara mata haidurojin daga waje yake kusan ninka man da take bayarwa.

Akwai ta biyar da za ka riƙa gani a rubuce-rubucen jami'a, wato a bar ƙwayoyin cuta su fitar da haidurojin kai tsaye daga binas ko ruwan sukari. Iyakarta a lissafi ƙwayar haidurojin huɗu ne daga kowane ƙwayar sukari, a aikace da ƙyar take wuce biyu. Ba ta kai a sa mata kuɗi ba tukuna.

| Ma'auni | Itanol | Metan na binas | Lantarkin tuƙa | Gas ɗin tuƙa |
|---|---|---|---|---|
| Abin da kilo 1 ke ci | lita 7 zuwa 8 | kubik mita 4.5 zuwa 5 | kilowat-awa 50 zuwa 55 | busasshiyar tuƙa kilo 13 zuwa 17 |
| Daga tan 1 na rake | kilo 10 zuwa 12, idan an fasa duka | kilo 1 zuwa 1.5 | kilo 1.2 zuwa 1.5 | kilo 6 zuwa 8 |
| Jari | kaɗan | matsakaici zuwa mai nauyi | mai nauyi | mafi nauyi |
| Kuɗin gudanarwa | mai yawa | kaɗan | yana bin farashin wuta | matsakaici, gyara da yawa |
| Aiki bayan kaka | ba matsala | sai da tanadin laka | sai da tanadin tuƙa ko wutar waje | sai da tanadin tuƙa |
| Nunar fasaha | ƙananan na'urori | ta nuna | ta nuna | ba ta nuna ba |
| Babban haɗari | kunkunniya | farar wuta da yoyo | ƙarancin awannin aiki | kwalta da dunƙulewar yashi |

Haɗarin haidurojin kansa ɗaya ne a duk hanyoyin. Yana kamawa da wuta daga kashi 4 zuwa 75 cikin ɗari a iska, harshensa ba ya ganuwa da rana, yana kuma sa wasu ƙarafa su yi gautsi. Bututu da bawul na tururi ko na gas ɗin girki ba sa maye gurbin nasa.

Wa ya dace da wanne

Masana'antar da za ta kafa ATJ a jikinta, metan na binas ne nata. Ya ishe ta har da rara, ba ya taɓa itanol, ba ya taɓa wutar sayarwa. Sai dai a san girman ribar: ko da haidurojin ɗin gas aka yi amfani, abin da yake ƙara wa man ATJ giram 3 zuwa 4 ne a megajul, cikin wajen 33 da jadawalin CORSIA ya ba itanol ɗin raken Burazil. Tururin tuƙa da za a ba matatar a madadin gas, da dizal ɗin da za a cire daga gona, su ma suna da nauyi a lissafin, kada haidurojin ya cinye kasafin da ya kamata su samu.

Matatar ATJ da ke nesa da gona, a bakin tashar jiragen ruwa ko kusa da filin jirgi, wadda tankoki ke kawo mata itanol daga masana'antu da yawa kuma babu bututun gas kusa, fasa itanol ya fi mata. Za ta rasa kashi 4 zuwa 5 na kayanta, ta huta da tirelolin haidurojin. Ta kafa ƙananan na'urori da yawa a jere maimakon babba ɗaya, ta kuma nemi mai sayarwa ya rubuta mata awannin da sinadarin zuga zai yi.

Mai son sayar wa matatar HEFA, metan zai aika ta bututu ko a matse a mota, a fasa shi can. A nan ne sauyin ya fi tasiri, domin haidurojin ɗin gas yana ɗora wa man HEFA wajen giram 10 a megajul.

Masana'antar da ke da tukunya mai babban matsi amma layin wutar da za ta sayar ya yi mata nisa ko farashin ya faɗi, raba ruwa zai yi mata, da sharaɗin ta tanadi tuƙar da za ta riƙe injin aƙalla awa 7,000 a shekara.

Mai hangen kasuwar Turai ya fara duba itanol ɗinsa kafin haidurojin, domin ReFuelEU ba ta ƙirga man da aka yi daga amfanin gona na abinci, ruwan rake kuma yana ciki. Itanol ɗin da aka yi daga tuƙa da ganye shi ke shiga, kuma hakan yana nufin tuƙar ta riga ta samu mai ita, sai haidurojin ya fito daga binas. Idan kuwa kason man lantarki yake nema, abin da rake zai ba shi kabon ɗin ruɓarwa ne kawai, wutar kuma daga rana ko iska.

Gas ɗin tuƙa na wanda ke da kuɗin bincike ne da haƙurin shekaru, kuma ya fara da ƙaramin tanderu a gefen masana'anta, wanda tsayawarsa ba za ta tsayar da niƙa ba.